Daga Osiris Zuwa Slifer: Tarihin Sunan Wani Dodon Karta

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin sunaye sun fi mai da hankali ga sunayen mutane da na garuruwa da na sarautu, domin a nan ne aka saba tsintar tarihi. Amma akwai wani rukunin sunaye da ba a cika kula da shi ba, watau sunayen da ake raɗa wa halittun almara a cikin wasannin zamani. Wannan maƙala za ta ɗauki suna guda daga cikin wannan rukuni ta bi sawunsa tun daga tushe. Sunan kuwa shi ne na wani dodo da ke cikin wasan kartar nan na ƙasar Japan da ake kira Yu-Gi-Oh!. A Japan ana ce wa dodon Oshirisu no Tenkuryu, ma'ana Macijin Samaniya na Osiris. A Amurka da Turai kuwa Slifer the Sky Dragon ake kiransa.

Osiris abin bauta ne na Misrawan dauri, wanda sunansa ya haura shekara 4,000 a rubuce. Slifer kuwa sunan wani Ba'amurke ne, marubuci, wanda aka haifa a shekarar 1954. Manufar maƙalar ita ce ta nuna yadda aka yi ɗayan ya gaji ɗayan a kan ɗan kwali guda, da abin da aka rasa a wannan musaya, da kuma abin da mai fassara zai tsinta daga ciki.

2.0 Wasan da Mai Ƙaga Shi

Ma'anar Yu-Gi-Oh! da Japananci ita ce Sarkin Wasanni. Da fari labari ne na zane-zane wanda Kazuki Takahashi ya riƙa bugawa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, daga 1996 zuwa 2004, aka kuma tattara shi cikin littattafai 38. A farkon labarin wasanni iri-iri ake yi, sai dai wani wasan karta da ya ɓulla a ciki ya fi jan hankalin masu karatu, har ya mamaye labarin baki ɗaya. A 1999 kamfanin Konami ya fara sayar da katunan a Japan, a 2002 kuma aka fitar da su da Ingilishi. Kafin 2009 an sayar da katunan da suka haura biliyan 22, abin da ya sa littafin Guinness ya sa wasan a kan gaba cikin ire-irensa.

Wannan karta ta sha bamban da wadda aka saba gani mai kati 52. A nan kowane ɗan wasa shi ke haɗa tarin katunansa, aƙalla 40, daga waɗanda ya saya ko ya yi musaya da abokai. Kowane kati yana da suna da hoto da bayanin aikinsa, na dodanni kuma suna da adadin ƙarfin hari da na kariya. Abin lura a nan shi ne suna yana cikin dokar wasan. Ba a yarda mutum ya sa fiye da kati uku masu suna ɗaya a tarinsa ba, sa'an nan wasu katuna sukan ambaci wasu da suna a cikin bayaninsu. Za a ga muhimmancin wannan a gaba.

Ginshiƙin labarin Takahashi shi ne wani yaro mai suna Yugi, wanda ya harhaɗa wani tsohon kayan wasa na zinariya da aka haƙo daga Masar, sai ruhin wani Fir'auna ya shige shi. Wannan Fir'auna ya mance da kome na rayuwarsa, har da sunansa. A tsakiyar labarin ne aka shigo da katuna uku mafiya ƙarfi, masu ɗauke da sunayen Obelisk da Osiris da Ra. Na Osiris ɗin shi ya faɗa hannun Fir'aunan bayan ya yi nasara a wani karo.

3.0 Osiris a Ƙasar Masar

Sunan Osiris ya fara bayyana a rubuce a zamanin daula ta biyar ta Fir'aunoni. Fitaccen wurin da aka same shi shi ne bangon ɗakunan dalar Sarki Unas da ke Saƙƙara, wajen shekara ta 2350 kafin haihuwar Annabi Isa. Gaston Maspero ne ya shiga wannan dala a 1881 ya kwafo rubutun.

A wurin Misrawa Osiris sarki ne da ƙanensa Set ya kashe don hassada. Matarsa Isis ta tattara gawarsa, ta sami cikin ɗansu Horus, wanda ya girma ya ƙwato sarautar ubansa. Shi kuwa Osiris sai ya zama sarkin matattu, a gabansa ake auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu a kan mizani. Ana kuma danganta shi da ambaliyar kogin Nilu da tsirowar hatsi. Saboda haka akan zana shi da siffar mutum naɗe cikin likkafani, fuskarsa kore ko baƙa, launin tsiro da na ƙasar noma, yana riƙe da sandar makiyayi da bulala. Babbar cibiyar bautarsa ita ce Abidos.

Akwai wata al'ada da ta shafi wannan nazari kai tsaye. A rubutun dalar Unas ana kiran sarkin da ya mutu Osiris Unas, watau an haɗa sunansa da na abin bautar. Da tafiya ta yi tafiya wannan gata ya wuce sarakuna, ya zamana duk wanda aka yi wa cikakkiyar jana'iza akan ce masa Osiris Wane. Haka kuma Misrawa sun ɗauki suna, wanda suke kira ren, a matsayin wani sashe na mutum kamar jikinsa da inuwarsa. Muddin ana ambaton sunan mamaci yana nan, idan aka kankare shi ya hallaka. Wannan ne dalilin da ya sa aka bi gumakan Sarauniya Hatshepsut ana goge sunanta bayan mutuwarta, aka kuma tsallake Akhenaten da Tutankhamun a jerin sarakunan da Seti na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a Abidos.

4.0 Tafiyar Sunan Daga Harshe Zuwa Harshe

Rubutun Misrawa baƙaƙe kawai yake nunawa, kamar Larabcin da ba a yi wa wasulla ba. Masana sukan rubuta sunan da baƙaƙe huɗu, wsjr, ana kuma zana shi da alamar karagar mulki da ta ido. Harshen Ƙibɗawa, wanda shi ne matakin ƙarshe na Misranci kuma yana rubuta wasula, ya adana shi da siffar Usire ko Usiri. Misranci dai ɗan'uwan Hausa ne na nesa, domin dukkansu suna cikin babban gidan harsunan Afirka da Asiya.

Girkawa ne suka ba sunan siffar da duniya ta sani. Sun ƙara masa ɗafa-ƙeya irin ta sunayensu, ya zama Osiris. Hirodotus ya ambace shi a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma daidaita shi da Dionisus na Girkawa. Plutarch, wajen farkon ƙarni na 2 na Miladiyya, shi ya rubuta labarin a jere, har da batun daddatsa gawar gida 14. Har ila yau Girkawa sun kira wani gari na arewacin Masar Busiris, daga Misranci Per-Usir, watau Gidan Osiris, kuma daga wannan tushe ne sunan Abusir ya fito, wanda wasu ƙauyukan Masar ke amsawa har yau.

Rubutun Fir'aunoni na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Filae a shekarar 394, haikalin da ke can kuma aka rufe shi a ƙarni na 6. Daga nan ba sauran mai iya karanta rubutun, sai a 1822 da Champollion na Faransa ya warware shi. A tsawon wannan lokaci littattafan Girkawa da na Rumawa ne suka riƙe sunan, daga gare su ya shiga harsunan Turai, daga Turai kuma ya isa Japan. Sha'awar Japanawa ga tsohuwar Masar ta ƙaru ƙwarai a 1965, lokacin da aka kai kayan kabarin Tutankhamun baje koli a Tokiyo da Kiyoto da Fukuoka, mutum kusan miliyan 3 suka je kallo.

Yadda Japananci ya karɓi sunan abu ne da ɗalibin Hausa zai gane nan take. Gaɓar Japananci galibi baƙi da wasali ce, ba ta yarda kalma ta ƙare da s ba, don haka aka saƙala wasalin u a ƙarshe, kamar yadda Hausa ta yi wa kalmomin aro irin su bokiti da asibiti. Sa'an nan s takan ganɗance ta koma sh a gaban wasalin i, daidai da abin da ake gani a rasa da rashi, ko masu da mashi. Ta haka Osiris ya koma Oshirisu, Obelisk kuma ya koma Oberisuku, tun da harshen bai bambanta l da r ba. Duk waɗannan sauye-sauye na furuci ne. Daga wsjr zuwa Oshirisu sunan yana canza riga ne kawai, mai rigar bai canza ba.

5.0 Suna da Siffa

Idan aka dubi hoton da ke kan katin za a ga ba abin da ya haɗa shi da Osiris na Misrawa. Dodon ja ne wur, dogo kamar maciji, da fukafukai da baki biyu, ɗaya a bisa ɗaya. Ƙarfinsa yakan ƙaru da 1,000 a kan kowane kati da mai shi ke riƙe da shi a hannu, bakinsa na biyu kuma yakan rage 2,000 daga ƙarfin harin dodon da abokin karawa ya fitar. Kalmar ryu da ke ƙarshen sunansa tana nufin macijin almara na Sin da Japan, mai dogon jiki, wanda ake dangantawa da gajimare da ruwa. A Masar kuwa babban maciji, Apep, abokin gaban rana ne. Samaniya ta Nut ce, uwar Osiris, da kuma Horus. Jan launi ma na Set ne da hamada, watau na wanda ya kashe Osiris.

Ke nan Takahashi suna ya aro daga Masar, jiki kuma ya ɗauko daga al'adar ƙasarsa. Haka ya yi da ɗan'uwan katin. Obelisk ba abin bauta ba ne, sunan dogayen ginshiƙan dutsen nan ne masu tsini da Misrawa ke kira tekhen. Girkawa suka yi musu laƙabi da obeliskos, ɗan tsinken gasa nama. Larabawa kuma suna ce musu misalla, babbar allura, kalmar da bisa dukkan alamu ita Hausa ta ara ta zama basilla.

Duk da haka zaɓen sunan Osiris ya dace da labarin. Wanda ya mallaki katin sarki ne da ya mutu tun shekara 3,000, yana neman hanyar komawa lahira, kuma an ga a baya cewa mataccen sarki a Masar Osiris ake kiransa. Daɗin daɗawa, labarin bai ƙare ba sai da abokan Fir'aunan suka gano sunansa, Atem, aka rubuta shi cikin zoben nan da Misrawa ke kewaye sunan sarki da shi. Da sanin sunan ne ya rinjayi abokin gabansa, daga baya ƙofar lahira ta buɗe masa. Akidar ren ce dai Takahashi ya gina littattafansa a kanta.

6.0 Abin da Ya Faru a Amurka

A shekarar 2000 aka fara nuna fim ɗin zane na biyu na labarin a talabijin a Japan. Kamfanin 4Kids Entertainment na Amurka ya sami izinin juya shi zuwa Ingilishi, aka fara nuna shi a watan Satumba na 2001 a cikin shirye-shiryen yara. Kamfanin ya yi wa fim ɗin gyara mai yawa don ya dace da ƙa'idojin talabijin na yara da kuma kasuwa. Jonouchi ya koma Joey, Anzu ta koma Téa, aka cire bindigogi, aka kuma ƙirƙiro wata duniyar inuwa da ake tura mutane a maimakon mutuwa. Su ma katunan da aka buga da Ingilishi an taɓa su. Rukunin da Japanawa ke kira tenshi, mala'iku, ya koma Fairy, an kuma sake zanen katin ta da matattu don a kawar da alamar ankh ta Misrawa.

Sunayen katunan nan uku ma ba su tsira ba. Na Obelisk da na Ra duk suna ɗauke da kalmar shin, abin bauta, a Japananci, sai aka zubar da ita a Ingilishi aka bar sunayen. Na Osiris ba shi da wannan kalma, amma shi aka cire wa sunan ɗungurungum aka sa Slifer.

Roger Slifer mutumin jihar Indiyana ne. Ya fara aiki a kamfanin Marvel a shekarun 1970, daga baya ya koma DC, inda shi da Keith Giffen suka ƙago wani jarumin zane mai suna Lobo a 1983. Bayan haka ya shiga rubuta finafinan zane na talabijin irin su Jem da Transformers, kuma yana cikin masu shirya Yu-Gi-Oh! na Ingilishi. Don shi aka raɗa wa dodon suna. Da Hausa sai a ce an yi masa takwara.

Za a iya zaton gudun taɓa addini ne ya jawo sauyin, amma wannan bayani bai wadatar ba. An bar sunan Ra, wanda shi ma abin bauta ne, kuma a cikin fim ɗin na Ingilishi an ci gaba da kiran katunan uku da sunan gumakan Masar. Abin da ya fito fili shi ne waɗanda suka yi aikin sun ɗauki sunan a matsayin gurbi da za a iya cikewa da kowace kalma mai daɗin faɗi ga yara. Daga Ingilishi kuma sunan ya bazu, domin daga shi aka yi fassarar Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci, dukkansu Slifer suke cewa. Koriya da Sin, waɗanda suka ɗauko daga Japananci, sun riƙe Osiris.

7.0 Dalilin Ɗorewar Sabon Sunan

Sunan bai tsaya a kan katin ba. A 2004 aka fara wani sabon fim, Yu-Gi-Oh! GX, game da wata makarantar kwana mai gidajen ɗalibai uku da aka raɗa wa sunayen dodannin. Gidan Osiris, mai jar riga, shi ne na 'yan baya, kuma a nan jarumin fim ɗin yake. A Ingilishi dole ya zama gidan Slifer.

A 2011 masu mallakar fim ɗin a Japan suka kai 4Kids ƙara, kamfanin ya shiga halin fatara, a 2012 kuma harkar Yu-Gi-Oh! ta koma hannun Konami. Duk da haka ba a maido da Osiris ba. Dalili na farko shi ne sabo, don yaran da suka tashi da fim ɗin ba su san wani suna ba. Na biyu shi ne wanda aka ambata a sashe na 2.0, watau suna doka ne a wasan. Kamfanin ya riga ya ɗanɗana wahalar wannan da kalmar demon. An fassara ta da sunaye barkatai a katunan farko, sai daga baya aka fitar da wasu katuna a Japan da ke aiki a kan duk katin da ke da wannan kalma a sunansa. Dole aka fitar da jerin tsofaffin katunan Ingilishi da za a ɗauka suna cikin rukunin Archfiend ko da sunansu bai nuna ba. Canza sunan katin da ya riga ya shiga hannun jama'a a harsuna da yawa zai jawo irin wannan ruɗani.

A watan Yuni na 2012 wata mota ta buge Roger Slifer a Santa Monika, direban ya gudu. Ya yi jinya mai tsawo, ya rasu ranar 30 ga Maris 2015. Takahashi kuma ya rasu a tekun Okinawa a watan Yuli na 2022.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sunan wannan dodo ya bi matakai iri biyu. Daga Misranci zuwa Girkanci zuwa Japananci, daidaita furuci aka yi, kuma duk wanda ya ji sunan zai iya bin sa ya koma tushe. Daga Japananci zuwa Ingilishi kuwa maye gurbi aka yi, igiyar ta tsinke. Yaron Tokiyo da ya buɗe ƙamus zai tarar da sarkin matattu na Masar, ya gane abin da ya sa Fir'aunan da ke neman lahira ya riƙe wannan kati. Yaron Landan ko na Balin ba zai tarar da kome ba sai sunan ma'aikacin kamfani. Abin mamaki kuma shi ne labarin da aka gina kacokan a kan neman sunan da ya ɓace, shi ne fassara ta ɓatar wa suna. Misrawa sukan ba mamaci sunan Osiris, a nan kuwa Osiris aka ba sunan mutum, mutumin ya rasu, sunansa na nan ana bugawa.

Adabin Hausa ya san hanyar farko. Lokacin da Ahmadu Ingawa ya juya labarin jarumin Rasha Ilya Muromets zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi, ya mai da Vladimir Waldima, birnin Kiev kuma Kib. Sunayen sun zauna daram a bakin Bahaushe, amma mai bincike yana iya gane asalinsu. A yau da ake juya finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa da yawa, wannan bambanci yana da amfani ga masu aikin da malaman da ke koyar da fassara. Hausawa sun ce suna linzami ne. Kafin mai fassara ya cire wa wani abu sunansa, ya kamata ya fara binciken inda linzamin yake jan labarin, domin da zarar sabon suna ya shiga bakin yara, fitar da shi sai a hankali.